Maganar Malam Bubayero da Aka Yanke

Ya 'yan'uwa, ga zaɓe ya sake ƙaratowa, kuma ina jin tsoro. An fara buɗe rediyo tun da sassafe ana cin mutuncin juna, wayoyi sun cika da muryoyin mutane ana turawa gida gida. Abin da ya same mu a baya yana nan tafe, zai sake faɗa wa wani bawan Allah idan ba mu yi hankali ba. Shi ya sa na rubuta wannan labari don a karanta wa jama'a bayan sallar la'asar, tunda ni ba na iya tsayuwa gaban mutane in yi bayani.

Ni ba malami ba ne. Firamare na gama, na yi karatun allo gwargwado, sana'ata kuwa gyaran rediyo a kasuwar Gaya. Sunana Bashir, ɗan marigayi Mala, gidanmu yana wajen Toranke. Ina da 'ya'ya bakwai, kuma saboda su nake wannan rubutu. Akwai rabona na kunya a cikin labarin, ba zan ɓoye shi ba.

An taɓa yin wani mutum a wannan yanki namu. Ba zan faɗi sunansa ba, yana raye, yana da iyali. Allah ya ba shi murya. Tun yana saurayi idan ya yi magana sai mai wucewa ya tsaya. Ya yi karatu, ya sami aiki a wani gidan rediyo a Kano, aka ba shi shirin manoma.

Ba a ofis yake zama ba. Yakan ɗauko rikodarsa ya hau babur ya shigo ƙauyuka, ya zauna a ƙarƙashin bishiya da masu fartanya, ya miƙa musu abin magana. Ya zo Balan, ya zo Toranke, ya shiga ƙauyukan da ko mai allurar rigakafi sai an yi masa kwatance. Ranar Laraba da yamma sai a kewaye rediyo, mutum ya ji muryarsa tana fitowa daga akwati, matansa suna guɗa a cikin gida. Ya taɓa yin magana a kan rijiyar burtsatse da ta mutu a unguwarmu, kafin mako biyu aka zo aka gyara. Daga baya aka riƙa ganinsa a talabijin yana karanta labarai da babbar riga. Mun ɗauke shi namu. Idan ya faɗi magana, ba mai tambayar daga ina ya samo ta.

Ku riƙe wannan, ya 'yan'uwa. Amanar da aka ba shi ba ta dukiya ba ce. Mutane ne suka buɗe baki a gabansa ba tare da tsoro ba.

A cikin waɗanda ya ɗauki maganarsu akwai wani dattijo a Toranke, Malam Bubayero. Ba mai unguwa ba ne, ba liman ba ne. Aikinsa sanin iyakar gona. Idan mutum biyu suka yi saɓani lokacin sharar gona, wannan ya ce an ci masa kunya uku, wancan ya ce ƙarya ne, sai a aika a kira shi. Zai zo da sandarsa, ya cire takalmi, ya taka iyakar a hankali. Ya san inda aka dasa gamba tun zamanin kakanni, ya san kututturen aduwar da aka sare kafin a haife ni. Inda ya soka sandarsa, nan magana take ƙarewa. Bai taɓa karɓar ko kwanon gero a kan wannan aiki ba. Mai unguwa da kansa shi yake tura wa mutane.

Mu asalinmu Barebari ne. Kakanninmu sun zo daga gabas tun da daɗewa, suka sari daji, suka zauna. A nan aka haifi mahaifina, a nan aka binne shi. Amma duk sanda rigimar gona ta tashi, ba a rasa mai jefa mana maganar cewa mu baƙi ne. Ina yaro wani ya so ya cinye mana gefen gona da irin wannan magana. Malam Bubayero ne ya zo ya taka iyakar, ya tsayar wa mahaifina haƙƙinsa. Ina tsaye a wurin, na gani da idona.

Shekaru suka wuce. Sai mutanen siyasa suka ga irin farin jinin mai shirin manoma, suka ce masa ya fito takarar kujerar wakilci. Ya ajiye aiki ya fito. Wannan ba laifi ba ne. Mutum yana iya barin rediyo ya shiga siyasa ya yi wa jama'a aiki, an yi irinsu, sun gama lafiya.

Abokin takararsa wani malamin makaranta ne mai suna Ɗanladi, mijin Sa'adatu, 'yar Malam Bubayero. Dattijon bai taɓa hawa dandamali ba, bai ce a zaɓi kowa ba. Amma mutane suka riƙa cewa surukin Malam Bubayero ba zai ci amana ba. Musamman mu Barebari, kusan dukanmu wajen Ɗanladi muka karkata. Mai shirin manoma ya duba ya ga idan ba a raba mu da Ɗanladi ba, ba zai kai labari ba.

To, shi mutum ne mai ajiya. Duk muryar da ya ɗauka a shekarun aikinsa tana nan a wurinsa. Kuma ya san sana'arsa. Ya san yadda ake yanke tari da in'ina daga maganar mutum ta fito sumul, ya yi wa dubban manoma haka don ya rufa musu asiri. Wannan ilimin da ya riƙa gyara maganar mutane da shi, shi ya juya.

Saura kwana goma zaɓe, ya sayi fili a shirin siyasa na safe. Ina rumfata, akwai mutum biyar ko shida suna jiran gyara. Muka ji ya ce: "'Yan'uwana Barebarin Gaya da Ajingi, ba ni zan faɗa muku ba. Ku saurari surukin wanda kuke shirin zaɓa."

Sai ga muryar Malam Bubayero, ba shakka tasa ce, har da 'yar shaƙewar nan da yake yi. Yana cewa: "Barebarin nan baƙi ne, ba su da gona a ƙasar nan, ranar da muka ga dama za mu karɓe."

Sau uku ya maimaita ta. Kafin azahar ta shiga wayoyi.

Rumfata ta cika. Wani dattijo ya dafa teburina ya ce: "Bashir, kai ka san kan rediyo. Ana iya yi wa mutum ƙaryar murya?"

Na ce: "Ba a iyawa, Baba. Abin da baki ya faɗa shi inji yake ɗauka."

Ya 'yan'uwa, a nan na fara faɗuwa. Ni ne fa mai haɗa zaren kaset idan ya tsinke. Nakan yanke inda ya tauye, in haɗa baki da baki da jan farce, waƙa ta tsallake wani wuri ta ci gaba kamar ba a taɓa ta ba. Na yi wannan ya fi sau ɗari. Na san ana iya cire gaba a cire baya. Amma raina a ɓace yake, ina so maganar ta zama gaskiya don in sami wanda zan huce a kansa. Mutane suka fita daga rumfata suna cewa mai gyaran rediyo ma ya tabbatar.

Ranar kasuwa ta zagayo, Malam Bubayero ya shigo Gaya sayen igiya. Na hango shi yana tafe da sandarsa, mutane suna kau da kai. Ya nufo rumfata kai tsaye, don ya saba tsayawa mu gaisa. Ya yi sallama. Na amsa ciki ciki, ban tashi ba, ban ba shi benci ba. 'Yata Naja'atu tana wurin, ta kawo mini abinci, ta durƙusa za ta gaishe shi na daka mata tsawa.

Ya ce: "Ɗan Mala, har da kai?"

Na ce: "Mu ai baƙi ne, Malam. Me ya kawo ka rumfar baƙo?"

Ya ce: "Muryata ce, ban musa ba. Amma ban faɗi haka ba."

Na ɗaga murya don na kusa su ji, na ce: "Muryarka ce amma ba ka faɗa ba? To aljani ne ya ari bakinka?"

Aka fashe da dariya. Wani mai kifi ya ce a kira masu ruƙiyya. Dattijon ya tsaya yana kallona. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya ce: "Na manta ranar da na yi maganar, na manta abin da ya zo gabanta. Na tsufa. Amma na san zuciyata." Ya juya ya tafi, igiyar ma bai saya ba.

Da na koma gida na tara 'ya'yana na ce duk wanda ya ƙara gaishe da tsohon nan sai na saɓa masa. Ni na koya musu wannan da bakina.

Aka yi zaɓe. Mai shirin manoma ya ci. Aka yi ta kiɗa, aka koma kiransa Onarabul. Ya tafi da jerin motoci, ya bar mu da abin da ya shuka.

Da lokacin sharar gona ya zo, sai aka rasa mai taka iyaka. Barebari suka ce ba za su yarda da hukuncin wanda yake jiran ranar karɓe musu gona ba. Sauran mutane kuma wasu suka ce tunda har Malam Bubayero ya faɗa, ashe da gaskiya a maganar. Shi kuwa ya shige gida, ya jingine sandarsa. A shekarar nan ɗan baffana Sharfaddeen ya yi rigima da maƙwabcinsa a kan kunya biyu. Da can rigima ce ta rabin yini. Wannan karon aka kai ga fartanya, har yau hannun Sharfaddeen na dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Maƙwabtan da suka yi shekara arba'in suna gayya tare suka daina cin abinci a kwano ɗaya.

Shin Onarabul ya sani? Ya sani. An gaya masa. Ya ce siyasa ce, za ta wuce.

Bayan shekara ɗaya da rabi, wata tsohuwa daga Balan mai suna Baiwa ta zo rumfata da tsohuwar rikoda a naɗe cikin zane. Ta ce ta yi shekaru ba ta aiki. Na ce: "Iya, wa yake gyara wannan yanzu? Ki sa jikoki su sayo miki mai memori."

Ta ce: "Kai dai gyara mini. Akwai muryar maigidana a kaset ɗin da ke ciki. Ya taɓa yin magana a shirin manoma, muka ɗauka daga rediyo. Jikata za a kai ɗaki, ba ta taɓa jin muryar kakanta ba, ina so ta ji kafin ta tafi."

Na ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Da yamma kafin in rufe rumfa na buɗe rikodar, bel ne ya tsinke. Na sa sabo, na goge kan, na mayar da zaren kaset ɗin baya zuwa farkonsa don in gwada. Ita Baiwa wurin mijinta kawai take saurare, can wajen ƙarshe. Ni kuwa daga farko na kunna.

Sai ga kiɗan buɗe shirin. Sai ga muryar Onarabul yana saurayi, yana cewa yau muna Toranke tare da masanin iyakar gona. Sai ga Malam Bubayero. Ga abin da ya faɗa, na haddace shi kamar karatu:

"Akwai masu cewa Barebarin nan baƙi ne, ba su da gona a ƙasar nan, ranar da muka ga dama za mu karɓe. Duk mai faɗin haka maƙaryaci ne, bai san Allah ba. Ni na taka iyakar Mala da ƙafata. Kakansa ne ya sari dajin, lokacin kura tana kuka a wurin."

Kalma uku aka cire a gaba, aka datse abin da ya biyo baya. Shi ke nan aikin.

Mala da ya ambata mahaifina ne. A cikin maganar da na tozarta dattijon a kanta, gonarmu yake karewa.

Na kashe rikodar. Na zauna har masu shara suka zo suka same ni.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyin rubutawa. Ban tafi Toranke a ranar ba. Ban tafi washegari ba. Baiwa ta zo ta karɓi kayanta, na roƙe ta ta bar mini in kwafi kaset ɗin, na kwafa na jefa a aljihun tebur. Kullum sai in ce gobe. Ina tunanin yadda zan tsaya a kasuwar da na yi wa mutum dariya in ce ni ne na yi ƙarya. Ina tunanin idon 'ya'yana. Kusan wata biyu ina wannan goben. A cikin wata biyun nan aka wayi gari Malam Bubayero ya faɗi a bakin rijiyar gidansa, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Da na je da wuri, da ya ji gaskiyarsa ta fito yana da bakin da zai ce alhamdu lillahi. Wa ya hana shi wannan? Ba Onarabul ba ne. Ni ne.

Ranar kasuwar da ta biyo baya na ɗaura lasifika a bakin rumfata, na kunna kaset ɗin tun daga farko. Na tsaya na ce: "Jama'a, ni Bashir na gaya muku ba a iya yi wa mutum ƙaryar murya. Ƙarya na yi. Ana iyawa, kuma na san ana iyawa tun a ranar." Ba wanda ya yi dariya. Mai kifin nan ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Matasa suka ɗauka a waya, kafin magariba maganar ta kai inda ta farkon ta kai.

Daga nan faɗuwar Onarabul ta fara, kuma a hankali ta zo.

Ya koma rediyo ya sayi fili, ya ce kaset ɗin Baiwa na jabu ne, maƙiya ne suka haɗa shi, ai yanzu ana iya yanka murya a ɗinke ta yadda aka ga dama. Mutane suka ce: to ashe ana iyawa? Ashe ka sani? Da bakinsa ya ƙarasa kansa.

Ya zo da buhunan taki zai raba, mutane suka karɓa suka tafi ba wanda ya tsaya jin jawabi. Da wa'adinsa ya cika, jam'iyyarsa ta ba wani takara. Ya koma wata jam'iyyar ya tsaya, ko akwatin ƙofar gidansu bai ci ba. Motocin suka watse. Masu kiransa Onarabul da safe suka sauya layi.

Duk wannan ana yi wa 'yan siyasa, su faɗi su tashi. Nasa ya bambanta. Ya ce bari ya koma sana'arsa ta asali. Wani ƙaramin gidan rediyo ya ɗauke shi ya farfaɗo da shirin manoma. Ya ɗauko kayan ɗaukar magana ya nufi Balan, ya sami dattawa a ƙarƙashin bishiyar da ya saba zama da su. Shekarar tsutsa ta ci dawa, kowa yana da abin faɗa. Ya miƙa abin magana ga na farko ya ce: "Baba, yaya tsutsar bana?"

Dattijon ya ce: "Alhamdu lillahi." Ya yi shiru.

Ya miƙa wa na biyu. Shi ma haka. Na uku ya ce: "Onarabul, in ka kashe abin nan sai mu gaisa."

Ya kashe. Suka gaisa, suka tambaye shi iyali, suka ba shi ruwa. Ya sake kunnawa, suka koma shiru. Haka ya zaga ƙauye shida. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kore shi. Baki kawai aka rufe masa. Ya koma Kano ba shi da abin sawa a shiri, bayan wata uku suka sallame shi.

Da can shi ake ba sanarwa a wurin ɗaurin aure saboda daɗin muryarsa. Aka daina. Idan ya zo majalisa ana hira, sai a koma zancen zafi da tsadar man fetur har ya tashi. Wata 'yar'uwarsa ta gaya wa matata cewa mahaifiyarsa, idan zai shiga ɗakinta gaisuwa, sai ta ce ya bar wayarsa a kan turmi a tsakar gida. Uwar da ta haife shi ke nan.

Ya 'yan'uwa, akwai talaucin da ya fi wannan? Mutum yana yawo a cikin danginsa, kowa yana auna kalma kafin ya furta a gabansa?

Ni kuwa tun ranar da na kunna wa jama'a kaset ɗin nake zuwa gidan Malam Bubayero duk Juma'a da hantsi. Sa'adatu ce take jinyarsa. Farkon zuwana ta tsaya a bakin zaure ta ce: "Malam Bashir, yau kuma aljanin ka zo gani?" Na kasa ɗaga kai. Ta bar ni na shiga. Na durƙusa na faɗi abin da na yi, na nemi gafara. Ya kalle ni da idon da yake buɗuwa sosai. Ba ya iya magana, ba ya iya gyaɗa kai yadda za a gane. Na riƙa zuwa ina gyara masa shimfiɗa, ina taya su juya shi. Na kai 'ya'yana su bakwai suka durƙusa suka gaishe shi. A hanyar dawowa Naja'atu ta ce: "Baba, to lokacin da ka hana mu, mu ma an rubuta mana zunubi?"

Wata Juma'a ina zaune a gefen gadon, sai aka yi sallama. Onarabul ne, shi kaɗai, a kan babur ɗin haya. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Sa'adatu ta so ta hana shi, na roƙe ta na ce mai neman gafara ba a rufe masa ƙofa, ni ma an buɗe mini.

Ya shigo ya zube a ƙasa kusa da ni. Ya ce: "Baba, ni ne. Ni na yanke maganarka da hannuna. Na san abin da ka faɗa, na cire. Na cuce ka, na cuci jama'a. Ka yafe mini don Allah." Yana kuka, kuma ni a ganina kukan gaskiya ne.

Sai muka ga abin da ba mu gani ba tun da ya kwanta. Leɓen dattijon ya fara motsi. Yana ta ƙoƙari, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Muka matsa, ni da Onarabul, kafaɗa da kafaɗa. Idonsa yana kaiwa kaina yana komawa kan Onarabul.

A nan Onarabul ya ƙara sunkuyawa, ya tura ƙirjinsa daidai bakin dattijon. Ni mai gyara ne, na san yadda mai ɗaukar magana yake karkata jiki. Na dubi aljihun rigarsa na gaba. Waya ce a ciki, kanta a sama, fuskarta tana haske ta cikin yadin.

Sa'adatu ma ta gani. Ta ce: "Yallaɓai, mene ne yake ci a aljihunka?"

Ya dafe wurin. Ya ce: "Hajiya, ba da mugun nufi ba ne. In ya yafe, jama'a su ji. In ba su ji da kunnensu ba, wa zai yarda da ni?"

Ta ce: "Ka ɗauki ta farko ka yanka. Yanzu ka dawo ɗaukar ta ƙarshe? Tashi ka fita daga ɗakin ubana."

Da muka waiwaya, dattijon ya rufe bakinsa. Ya juyar da idonsa bango. Bai ƙara motsa leɓe ba, a ranar ko bayanta. Kwana tara da haka Allah ya karɓi abinsa. Jana'izarsa ta cika har gonakin bayan gari, Barebari ne suka haƙa kabarin. Onarabul ya tsaya a sahun ƙarshe, ya tafi kafin a watse.

Ku duba, ya 'yan'uwa. Mutumin nan ya zo har bakin gafara. Tsakaninsa da ita bai fi taki ɗaya ba. Amma ya saba komai sai an ɗauka an watsa, har tubansa ya kasa yi don Allah shi kaɗai. Zunubi idan ya daɗe a jikin mutum, hanyar fita ma sai ya lalata masa.

Darasin a fili yake. Kai da aka miƙa wa abin magana, a rediyo kake ko a talabijin ko waya ce kawai a hannunka, maganar mutum amana ce. Idan ka cire mata kai ka cire mata ƙafa, ka yi masa ƙazafi ko da kowace kalma tasa ce. Kujerar da ka samu da haka shekara huɗu ce. Shi kuwa haƙƙin mutum, malamai sun gaya mana Allah ba ya yafe shi sai mai shi ya yafe.

Kai kuma mai saurare, kada ka ce ba ruwanka. Onarabul shi kaɗai ba zai iya kayar da Malam Bubayero ba, sai da ya sami irina. An umarce mu idan labari ya zo mu bincika kafin mu afka wa mutane. Idan aka turo maka muryar wani, tambayi abin da ya faɗa kafin nan da abin da ya faɗa bayan nan. Idan mutum ya yi shekara hamsin kana ganin alherinsa, kada magana ta daƙiƙa goma ta shafe maka shi. Idan kuma ka gane ka yi kuskure, tafi a ranar. Kada ka ce gobe. Ni na ce gobe.

Shekaranjiya na shiga gida na tarar da 'ya'yana sun haɗa kai a kan waya suna dariya. Muryar wani dattijo ce aka yanko, ana ta maimaita ta. Na tambaye su wane ne, ba su sani ba. Na tambaye su me ya faɗa kafin nan, suka kalle ni. A ranar na nemi takarda da biro.

Allah ka tsare mana harsunanmu da kunnuwanmu. Allah ka kiyaye 'ya'yanmu daga cin mutuncin bayinka, kada ka sa su gaji abin da suka gani a wurinmu. Allah ka jiƙan Malam Bubayero, ka haskaka kabarinsa. Shi ma wancan bawan naka, Allah ka ba shi tuba na gaskiya tun yana da sauran numfashi. Amin.

An ce har yanzu abin da Onarabul ya ɗauka a ranar yana cikin wayarsa, yana sawa a kunne yana saurare. Ni ina wurin, kunnena yana dab da bakin dattijon, numfashi kawai na ji. Mu biyu ne a durƙushe a gabansa. Ban san abin da ya so ya faɗa ba, ban san ko yafiya ce ba, kuma ban san da wanne daga cikinmu yake ba.